Shaidar Ɓera a Kan Manja da Goruba

A 'yan shekarun nan wata jimla ta samu gindin zama a bakin masu tallar kayan gyaran jiki a gidajen rediyo da shafukan sada zumunta na ƙasar Hausa, wato: "An gwada shi, ba shi da illa." Da ita ake sayar wa masu hawan jini garin goruba, da ita ake sayar wa magidanta garin muruci, haka ma garin ƙwallon dabino da ake dafawa kamar gahawa, da ƙwayoyin da aka tato daga manja aka shigo da su daga ƙetare. Mai nazarin harshe zai lura da cewa nauyin jimlar duk ya rataya ne a kan ɗan wakilin sunan nan "an", wanda nahawun Hausa ya tanada domin ɓoye mai aikatawa. Da zarar an ce "an gwada", mai sauraro ba ya tambayar wanda ya yi gwajin, balle a kan wa aka yi shi, da yawan abin da aka ba shi, da tsawon kwanakin da aka yi ana ba shi. In da zai tambaya, amsar da zai samu a mafi yawan lokuta ita ce: a kan fararen ɓeraye 'yan ƙalilan aka gwada, a ɗakin gwajin wata jami'a, kuma sau ɗaya tak aka ɗura musu.

Gwajin dabbobi abu ne mai muhimmanci, kuma wanda ake yi a jami'o'in Nijeriya kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da bukata. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne cewa ɓeran ɗakin gwaji mai ba da shaida ne, kuma a shari'a mai shaida ba ya faɗin abin da bai gani ba. Jimlar tallar nan tana sa wa ɓera magana a baki fiye da abin da idonsa ya gani.

Abin da masana ke kira abincin inganta lafiya shi ne abincin da ake ci domin wata fa'ida ta musamman ga jiki bayan ƙosarwa, kamar rage kitsen jini ko ƙarfafa gani. Ƙasar Japan ce ta fara yi masa doka ta musamman a 1991, inda ma'aikatar lafiyarta ta buɗe rajistar abincin da aka yarda a rubuta amfaninsa a jikin kwalinsa. Ga Bahaushe kuwa babu sabon abu a nan. Tun 1982 Nina Etkin da Paul Ross suka buga sakamakon binciken da suka yi a wani ƙauye na ƙasar Kano, inda suka nuna cewa tsiro ɗaya kan shiga tukunyar miya yau, gobe kuma a jiƙa shi a ba marar lafiya, har ya zama iyakar da ke tsakanin abinci da magani ba ta da kauri. Sabon abu shi ne kasuwa: niƙawa da tacewa da ɗurawa a kwalba, da umarnin a sha cokali biyu safe da yamma har illa ma sha Allahu.

A cikin dangin giginya da dabino, kwakwar manja ce ta fi kowa samun gata a ɗakunan gwaji na duniya. Asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce. A 1848 Turawan Holan suka dasa tsiro huɗu nata a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba, yau kuma Indunisiya da Malesiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, abin ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha ki. Nijeriya tana da cibiyar binciken kwakwar manja kusa da birnin Benin, wadda tushenta ke komawa ga 1939, amma yawancin binciken da aka yi a kan sinadaran manja masu amfani ga lafiya daga Malesiya ya fito, inda hukumar MPOB ke ɗaukar nauyin aikin da harajin da take karɓa daga masana'antar manjan kanta. Wannan ba ya soke sakamakon binciken, sai dai mai karatu ya san wanda ya biya kuɗin ɓerayen.

Abu biyu ne suka ja hankalin masana ga manja. Na farko shi ne karotin, wanda ke ba ɗanyen manja jan launinsa, kuma jiki ke mayar da shi bitamin A. Akan samu miligiram 500 zuwa 700 nasa a kowane kilo na ɗanyen manja. An taɓa gwada raba manja ga mata da ƙananan yara a wani yanki na Burkina Faso da ba a saba cin sa ba, aka ga ƙarancin bitamin A ya ragu a jininsu. Na biyu shi ne wani nau'in bitamin E da ake kira tokotiriyenol, wanda ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na bitamin E ɗin da ke cikin manja. Shi ne ake tatowa a ɗura a ƙwayoyi a sayar da tsada.

Labarin gwajin wannan sinadari ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda aikin yake idan an yi shi da gaske. A 2001 masu bincike na cibiyar kimiyyar lafiya ta gwamnatin Japan suka buga sakamakon wani gwaji na mako 13. Sun raba ɓeraye maza da mata rukuni huɗu. Rukuni ɗaya aka bar shi da abincinsa na yau da kullum domin ya zama ma'auni, sauran ukun kuma aka cuɗa musu sinadarin a abinci: kashi 0.19, da kashi 0.75, da kashi 3 cikin 100. Da wa'adi ya cika aka auna jininsu, aka fiɗe su, aka ɗora kayan cikinsu a ma'auni, aka duba naman hanta da sauran gaɓoɓi da madubin ƙara girma. A manyan rukunoni biyu an ga sauye-sauye a jini, an kuma ga ƙwayoyin hantar mazan sun ɗan kumbura. Daga nan suka yanke cewa adadin da ba a ga illa a kansa ba shi ne mafi ƙanƙanta, wato kimanin miligiram 120 ga kowane kilo na nauyin ɓera a rana. Ba su tsaya nan ba. Bayan wasu shekaru aka sake gwajin na tsawon shekara guda, aka buga shi a 2008, sai ga ƙulle-ƙulle sun fito a hantar ɓerayen da aka ba adadi mafi yawa. Abin da mako 13 ya nuna alamarsa kawai, sai da aka shekara sannan ya fito fili.

Wannan fa sinadari ne da aka tato daga man da kakannin kakanni suka ci suka rayu. Babu wanda ya ce manja guba ne saboda wannan gwaji, domin adadin da aka ba ɓerayen ya zarce abin da mutum zai taɓa samu daga miya nesa ba kusa ba. Fa'idar gwajin ita ce ya fitar da lamba, kuma da lamba ake aiki. Tun 1954 masana biyu na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, Lehman da Fitzhugh, suka kawo ƙa'idar raba irin wannan lamba gida 100 kafin a ɗora ta a kan ɗan'adam: goma saboda bambancin ɓera da mutum, goma kuma saboda bambancin mutum da mutum, tunda jariri da tsohuwa da mai ciwon ƙoda ba su zama ɗaya da ƙato lafiyayye ba. In aka bi wannan lissafi a misalin da ya gabata, za a samu miligiram 1.2 ga kowane kilo, wato kimanin miligiram 72 a rana ga mai nauyin kilo 60. Wanda ya so wuce wannan, hujjarsa sai dai ta fito daga gwaji a kan mutane, kuma an yi wasu irin waɗannan gwaje-gwaje a Malesiya da wasu ƙasashe.

To, a ajiye wannan gefe guda, a dubi abin da aka fi yi a gida. Duk wanda ya saba buɗe kundayen digiri na sassan kimiyyar sinadaran jiki da harhaɗa magunguna a jami'o'in Nijeriya ya san babin nan da ake kira gwajin guba na farat ɗaya. Manufarsa ita ce gano adadin da zai kashe rabin dabbobin da aka ba, ma'aunin da J. W. Trevan ya ƙirƙiro a Ingila a 1927. Hanyar da ɗalibai suka fi bi ita ce ta Bajamushe Dietrich Lorke ta 1983, domin ba ta bukatar dabbobin da suka wuce 13. A matakin farko ana ɗura wa ɓeraye tara miligiram 10, da 100, da 1,000 ga kowane kilo, uku-uku. In ba su mutu ba a ɗauko wasu a hau da adadin har zuwa 5,000. Galibi akan sa musu ido na awa 24. In gari ya waye suna raye suna cin abinci, sai ɗalibi ya rubuta cewa abin da aka gwada ba shi da haɗari, daga nan maganar ta kama hanyar kasuwa.

Miligiram 5,000 ga kowane kilo daidai yake da a ce mutum mai kilo 60 ya haɗiye giram 300 na tataccen sinadarin a zama ɗaya. Idan ɓera ya sha kwatankwacin wannan na goruba bai mutu ba, abin da aka tabbatar shi ne goruba ba ta kisa nan take. Ai kuwa duk yaron da ya taɓa gwaguyar goruba a bakin makarantar allo ya riga ɗakin gwaji sanin haka. Irin wannan gwaji an yi shi ne domin abubuwan da ake tsoron a sha su bisa kuskure, kamar maganin ƙwari da maganin ɓera. Ga abincin da aka ce a sha kullum har shekaru, tambayar da ke da amfani ita ce me zai yi wa hanta da ƙoda da jini da mahaifa bayan wata uku ko shekara biyu. Ita ce kuma tambayar da aka fi tsallakewa. Ƙungiyar OECD, wadda ƙa'idojinta na gwaji suka zama abin bi a duniya, ta soke tsohuwar hanyar neman adadin kashe rabi tun 2002, ta maye gurbinta da hanyoyin da ke cin dabbobi kaɗan, kuma a cikinsu ana sa ido har kwana 14. Tana da ƙa'ida ta 407 ta kwana 28, da ta 408 ta kwana 90, wadda ke bukatar maza goma da mata goma a kowane rukuni, wato ɓeraye 80 in rukunonin huɗu ne. Gwajin ciwon daji kuwa shekara biyu yake ɗauka, kusan tsawon rayuwar ɓera, da dabbobi 50 na kowane jinsi a kowane rukuni. Na mai juna biyu da abin da ke cikinta daban yake.

Uzurin da ake kawowa sananne ne, kuma ba ƙarya ba ne: ɗalibin da ke sayen ɓeraye da abincinsu da kayan auna jini daga aljihunsa, a ɗakin da wutar lantarki ke zuwa in ta ga dama, ba zai iya ciyar da ɓeraye 80 na wata uku ba. Ba a zarginsa da yin abin da ƙarfinsa ya kai. Abin zargi shi ne jimlar ƙarshe ta kundinsa, wadda ke faɗin abin da gwajin bai faɗa ba, da mai duba aikin da ya bar ta ta wuce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai talla ya yi ƙari, amma a takardar jami'a ya tsinci abin da ya ƙara wa gishiri.

Ko da an yi dogon gwajin yadda ya kamata, akwai inda shaidar ɓera ke tsayawa, saboda halittarsa daban ce. Babban ɓeran gwaji ba shi da matsarmama, kuma ba ya iya amai, don haka duk illar da za ta bayyana ga mutum ta hanyar tashin zuciya ba za a gan ta a kejinsa ba. Wani bambanci ya fi wannan shafar kasuwar goruba. A jinin ɗan'adam akwai wani furotin mai sauya wa kolestarol mazauni tsakanin nau'o'insa, wanda ɓera ba shi da shi, shi ya sa mafi yawan kolestarol ɗin ɓera ke zaune a nau'in da ake ɗauka mai kyau ne, saɓanin na mutum. Saboda haka idan an ce garin goruba ya rage kitsen jinin ɓera, an samu dalilin ci gaba da bincike, ba a samu dalilin da zai sa dattijo ya ajiye ƙwayar asibiti ba. Haka abin yake ga karotin: hanjin ɓera yana mayar da kusan dukkansa bitamin A nan take, alhali na mutum yana barin wani kaso ya shiga jini yadda yake.

Tarihin karotin ɗin ma darasi ne mai ɗaci. Shekaru ana ganin masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da ciwon dajin huhu ba, sai aka zaci in an ba mutane tsantsar sinadarin a ƙwaya za a kare su. Aka gwada a ƙasar Finlan a kan maza mashaya taba fiye da 29,000, aka buga sakamakon a 1994: waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da ciwon da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin makamancinsa a Amurka sai dakatar da shi aka yi a farkon 1996 saboda an ga abin da ya fi haka muni. Ƙwayoyin nan ba daga manja aka yi su ba, na masana'anta ne, kuma babu wanda ya ɗora wa miyar manja wannan laifi. Abin lura shi ne sinadarin da ke da amfani a cikin abinci yana iya sauya hali idan aka ware shi aka ninka.

A nan ne hujjar nan ta "iyaye da kakanni sun ci" ke rasa ƙarfinta. Hujja ce mai daraja, har hukumomin abinci na duniya suna la'akari da daɗewar al'umma tana cin abu. Amma abin da kakanni suka ci shi ne goruba a gwagwiya, da muruci dafaffe a lokacinsa, da dabino 'yan ƙwarori a buɗa-baki. Ba su taɓa shan tataccen ruwan ƙwallon dabino kullum na shekara biyar ba, don haka ba za a kira su shaida a kan abin da ba su yi ba. Kuma Bahaushe ya daɗe da sanin cewa adadi ne ke raba gyara da ɓarna: 'yar kanwa tana gyara miyar kuka, in ta yi yawa ta kai mutum bayan gida. Ko a kan kanwar ma, likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun danganta yawan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego tun shekarun 1970, kuma har yau masana na muhawara a kan girman rabon kanwa a cikin wannan ciwo. Al'ada takan gane abin da ke kisa yau, domin kowa na gani. Wanda ke ɗaukar shekara goma kafin ya nuna kansa, sai a ɗora wa iska ko sammu.

Domin adalci, ya kamata a faɗi inda ɓera ya yi rana. A 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a kan wasu sinadarai da ke samuwa idan aka tace man girki da zafin da ya haura digiri 200, waɗanda aka fi samu a tataccen manja fiye da sauran mayuka. Ɗaya daga cikinsu yana sakin gilisidol a cikin jiki, wanda gwajin shekara biyu ya nuna yana haddasa ciwon daji ga ɓeraye. Ɗayan kuma, mai suna 3-MCPD, an ga yana taɓa ƙoda da marainan ɓera. Da ba don dogon gwaji ba da babu mai sanin wannan, domin ba a iya ware tasirin ɗan abu irin wannan a cikin cimar miliyoyin mutane. A 2018 Tarayyar ta kafa iyaka ta miligiram ɗaya a kowane kilo na mai ga sinadarin farko, masana'antu kuma suka shiga gyara hanyoyin tacewa. Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin da yawa daga cikin farin man da ake aunawa a kwalba a kasuwanni, ana kiran sa "man gyaɗa" bisa sabo, tataccen manja ne. Haka kuma masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Malesiya sun ciyar da ɓeraye manjan da aka maimaita suya da shi sau biyar da sau goma, suka ga jininsu ya hau. Mai tuyar ƙosai ko awara da ba ta zubar da man jiya tana da alaƙa da wannan sakamako fiye da yadda take da alaƙa da ƙwayar tokotiriyenol.

Wannan ya kawo wata matsala da ba a cika magana a kanta ba, wato abin da ake gwadawa da abin da ake sayarwa sau da yawa ba abu ɗaya ba ne. Ɗalibi yakan zaɓo goruba mai kyau, ya kai ta sashen nazarin tsirrai a tabbatar masa da sunanta, ya shanya ta a inuwa, ya tato ta da wani ruwan sinadari kamar metanol. Wadda ke kasuwa kuwa an niƙa ta a injin unguwa bayan barkono, an haɗa da citta da kanumfari da abin da mai haɗawa bai faɗa ba, an ajiye ta a leda tun kafin damina. Manja ma haka. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta gano cewa mafi yawan manjan da ta ɗebo daga kasuwannin Akara an zuba masa wani rini na masana'anta mai suna Sudan IV domin ya ƙara ja, rinin da aka haramta sa shi a abinci. Duk gwajin da aka yi a kan tsabtataccen manja bai ce komai a kan wannan jarkar ba. In kuwa uwargida ta soya manja har ya yi hayaƙi ya koma fari, karotin ɗin da aka yi ta yabo ya bi iska.

Akwai kuma haƙƙin su dabbobin. A 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da yanzu kwamitocin ɗa'ar bincike ke bi: a musanya dabba da wata hanya in akwai, a rage yawansu, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Ana iya cewa ai ɓera yana cikin dabbobin da Musulunci ya halatta kashewa saboda ɓarnarsu. Haka ne, amma addinin da ya halatta kisan shi ne ya yi umarni da kyautatawa a wajen kisa, ya kuma ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Farin ɓeran Wistar, wanda aka fara kiwon zuriyarsa a Filadelfiya tun 1906, bai taɓa shiga rumbun kowa ba. Idan ɗalibai goma a jami'o'i goma suka maimaita gwajin farat ɗaya a kan goruba, kowa ya samu amsar da aka riga aka sani, an kashe ɓeraye fiye da ɗari ba tare da ilimi ya ƙaru da ƙwayar zarra ba. Da an haɗa kuɗin da ɓerayen wuri guda, da sun isa gwajin kwana 90 guda ɗaya mai inganci.

Sai a ce, ina ruwan masanin Hausa da kejin ɓeraye? Ruwansa shi ne sakamakon gwajin da Turanci ake rubuta shi, amma da Hausa yake isa ga mai sha, kuma a wajen tsallakowar nan ne ake yin asara. Hukumar NAFDAC tana ba kayan gargajiya lambar wucin gadi mai harafin L a ƙarshe, bayan ta duba tsabtarsu da rahoton gwajin guba, tare da sharaɗin a rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Wannan gargaɗi da Turanci yake, da ƙananan haruffa, kuma da wuya a ji mai talla ya karanta shi a rediyo. Abin da ake ji shi ne "yana da lambar NAFDAC", mai sauraro kuma ya fassara ta da cewa gwamnati ta tabbatar yana maganin hawan jini. Mai ciwon suga da ya ji haka ya bar allurarsa ya koma shayin ƙwallon dabino, ba ɓera ne ya yaudare shi ba.

Harshen Hausa bai gaza ba a wannan fage. Yana bambanta dafi na maciji da kibiya, da guba irin ta rogo mai ɗaci wadda ake jiƙawa a fitar, da illa ko lahani wanda kan biyo baya a hankali. Gwajin farat ɗaya maganar guba yake yi, na kwana 90 kuma maganar illa. Sannan tsakanin "ba shi da illa" da "ba a ga illa ba" akwai tazara mai nisa, kuma ta biyun ce kaɗai ɗakin gwaji ke da ikon furtawa. Fassarar gaskiya ta sakamako ya kamata ta zo da kamar haka: an ba ɓeraye adadi kaza na wannan gari kullum har kwana 90, ba a ga sauyi a hantarsu da ƙodarsu ba, ba a gwada shi a kan masu ciki ba, ba a kuma gwada shi a kan mutane ba. Ta fi jimlar talla tsawo, amma ba ta fi ƙarfin minti ɗaya na rediyo ba.

Aikin da ke gaban sassan Hausa ke nan, kuma suna da tushen da za su ɗora a kai. Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa tun 1916, Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990 domin nazarin harshe da adabi, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza da ɗalibansa sun yi aiki mai yawa a kan magungunan Hausawa. Abin da ya rage shi ne zama da malaman harhaɗa magunguna da na kimiyyar abinci a fitar da kalmomin gwaji da kowa zai yarda da su, a kuma nemi duk kundin da ya gwada wani abincin Hausawa ya zo da tsakure cikin Hausa mai faɗin dabba da adadi da kwanaki. Ko sunan dabbar ma yana bukatar zama. Ɗakin gwaji yana aiki da iri biyu mabambanta, ƙarami mai nauyin giram 25 zuwa 30 da babba mai kai giram 250 ko fiye, kuma sakamakon ɗaya ba ya zama na ɗayan. Ƙaramin ma yana da matsarmama, babban ba shi da ita. Bakano yana ce wa dukansu ɓera, Basakkwace ya ce kusu, gafiya kuwa wata dabba ce daban da ba ta cikin lissafin. Har yanzu mai fassara rahoton gwaji ba shi da kalmar da zai raba su da ita sai ya ce "babba" ko "ƙarami".